Jinjina ga Masu Ƙera Takardar Jarumi Kyauta

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, kowane ɗan wasa yana riƙe da takardar jaruminsa, wadda ke ɗauke da ƙarfinsa, wayonsa, makamansa da sauran lafiyar da ta rage masa. Fensir da magogi su ne abokan tafiya, takarda kan huje saboda yawan gogewa.

Da dandalin Roll20 ya buɗe a 2012, wasan ya ƙara samun zama a intanet. Amma ɗimbin takardun da ake amfani da su a can, 'yan sa-kai ne suka rubuta su da HTML da CSS da JavaScript, suka ajiye a GitHub domin kowa ya gyara.

Dubi aikin da kyau. A bugu na biyar na wasan, idan ƙarfin jarumi ya tashi daga 15 zuwa 16, ƙarin makinsa yana komawa 3 daga 2. A takardar hannu sai ka bi layi-layi kana gyara saran takobi da tsalle da hawan bango. A ta 'yan sa-kan kuwa, lamba ɗaya za ka canza, saura su bi da kansu. Ka danna sunan takobi, kwamfuta ta jefa ƙwayar wasa mai fuska 20, ta haɗa lissafi.

Gaskiya wasu takardun sun cika maɓallai har sabon shiga ya rikice. Duk da haka, ƙananan wasanni irin wannan da kamfani ba zai waiwaya ba, waɗannan mutanen ne suka tsaya musu ba ko sisi. Sun cancanci a gode musu.