Alama da Ma'anarta: Littafin Agustin a Ma'aunin Hausar Mayahi da Tasawa

Daga cikin littattafan da malaman Kirista na farko suka bari game da yadda ake nazarin Littafi Mai Tsarki, da wuya a sami wanda ya kai De Doctrina Christiana amfani ga mai nazarin harshe. Marubucinsa Agustin mutumin Afirka ta Arewa ne. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, inda garin Suk Aharas na Aljeriya yake a yau, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hifo, wato Annaba. Ya fara littafin wajen 396, ya ajiye shi a tsakiyar kashi na uku, bai kammala ba sai wajen 426. Manufar wannan maƙala ita ce a auna abin da ya faɗa game da alama, a ga inda ya taimaki mai tsara littafin karatu da Hausa da kuma inda ya gaza, ana ɗaukar misalai daga ƙasar Mayahi da Tasawa.

Dalilin zaɓen wannan yanki a fili yake. Fassarar Hausa ta fara ne da J. F. Schön, wanda ya fitar da Sabon Alkawari a 1880 ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba, yana dogara ƙwarai da Dorugu, yaro ɗan yankin Damagaram. Cikakken littafin ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, sabuwar fassara kuma ta biyo baya a 1979. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibirin Gobir kafin 1930, ya kuma zo da waɗannan littattafai yadda aka rubuta su a kudu. Barbara Cooper ta keɓe babi guda a littafinta na 2006 kan yadda aka gina kalmomin Kiristanci a Hausa. Abin da ya rage a duba shi ne makomar alamomin kansu idan suka iso wurin manomin hatsi na bakin Gulbin Kaba.

Agustin ya raba ilimi gida biyu, abubuwa da alamomi. Alama abu ce wadda, ban da kamanninta da ido ko kunne ya kama, takan jawo wani abu dabam cikin zuciya. Akwai wadda ba a yi ta da niyya ba, kamar hayaƙi da ke nuna wuta ko sawun dabba a ƙasa; akwai wadda mai rai ke bayarwa da gangan, kalma kuwa ita ce babbarsu. Sannan ya sake raba kalma: ko ta tsaya kan abin da aka sa mata, ko kuma abin da ta ambata shi ma ya zama alamar wani abu. Malaman zaure ba za su ji wannan baƙo ba, domin shi ne bambancin haƙiƙa da majazi da suke karantarwa a balaga, kuma ya yi kusa da abin da Abdulƙadir Ɗangambo ya kira alamtarwa. Saboda haka ba a bukatar ƙirƙiro sababbin kalmomi a nan, waɗanda ake da su sun isa.

Misalin da shi kansa ya kawo shi ne na sa. Dokar Musa ta hana a sa wa sa takunkumi yana cikin aikin tattake hatsi, Bulus kuma a wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa ya mai da wannan sa alamar mai wa'azi da ya cancanci ya ci daga aikinsa. A nan ne matsala take farawa. A Mayahi sa ba ya tattake hatsi. Mata ne suke sussuka da taɓarya, su sheƙe, su bakace. Mai karatu zai gane kowace kalma, amma hoton bai taɓa ganinsa ba, don haka matakin farko ya karye tun kafin a kai ga na biyu. Agustin ya hango wannan, shi ya sa ya nace cewa wanda bai san halin dabbobi da tsire-tsire da duwatsun da aka ambata ba, ba zai warware alamar da aka gina a kansu ba. Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin littafin.

Sai dai akwai wata matsala da bai tsaya a kanta ba, wadda ta fi jahiltar abu haɗari, wato a san abin sarai amma da wata daraja dabam. Fassarar 1979 ta yi amfani da gurasa a babi na 6 na Yahaya. Ga mutumin Falasɗinu gurasa ita ce cimar yau da kullum, wadda in babu ita an kwana da yunwa. Ga mutumin Kanan Bakashe kuwa wannan matsayi na fura ne da tuwo. Abin da aka yi da alkama abin marmari ne na birni ko na ranar kasuwa. Kalmar ta dace da abin, amma alamar ta juye: abin larura ya koma abin ƙwalama. Haka nan rarrabe tumaki da awaki a babi na 25 na Matiyu. Dama da hagu sun yi daidai da tunanin Bahaushe ba tare da wani bayani ba, amma akuya a wannan ƙasa dukiyar mace ce, jar akuyar Maraɗi kuma ta yi suna har ƙasashen waje saboda fatarta. Ba mamaki matar da ke ajin yaƙi da jahilci ta tambayi laifin da akuya ta yi. Makiyayi ma, a kunnen manomin da dabbobi suka shiga wa gona kafin a saki daji, ba lalle ya zo da natsuwa ba.

Rago ya fi su duka nauyi. Duk Bahaushe ya san ragon layya da na suna, don haka Ɗan Rago yana isowa da ma'anar hadaya a shirye. Amma hadayar da yake tunawa ta Annabi Ibrahim ce, alhali nassin yana komawa ne musamman ga ragon Idin Ƙetarewa na Fitowa. Alamar ta kama, ta kuma ja mai karatu zuwa wani labari na kusa. Ko wannan riba ce ko hasara, malaman coci ne za su yanke. Aikin mai tsara littafi shi ne ya san cewa hakan yana faruwa.

Kalmar rago ta kuma buɗe wata ƙofa da ta shafi masu tsara rubutu kai tsaye. A rubutun yau ba a bambanta ta da rago mai ƙiwar aiki, sai dai ga masu cewa raggo, kamar yadda ake ji a karin yamma da arewa. Ƙa'idar taron Bamako na 1966, wadda Nijar ta bi, tana ninka dogon wasali. Bayan taron daidaita rubutu na Yamai a 1980 aka bar ninkin domin a zo ɗaya da Nijeriya. Agustin ya gamu da irin wannan a Latin: kalmar os da gajeren wasali ƙashi ce, da dogo kuwa baki ce, ya kuma lura cewa kunnen mutanensa na Afirka ba ya rarrabe tsawon wasali. Shawararsa ita ce a yi amfani da ossum, kalmar da masana nahawu suka raina, muddin jama'a za su fahimta. Wannan hukunci ya dace a rubuta shi a bangon duk ofishin da ake shirya littattafan manya. Inda mahalli bai warware ruɗani ba, a sauya kalma, ko a yarda da furucin yankin, maimakon a kare tsarkin ƙa'ida.

Inda littafin ya yi rauni shi ne ma'aunin da ya bayar na gane majazi. A ganinsa duk abin da zahirinsa bai dace da kyawun hali ko gaskiyar bangaskiya ba, to majazi ne. Wannan ma'aunin aƙida ne, ba na harshe ba, kuma yana ba mai fassara damar tserewa daga duk nassin da ya yi masa tsauri. Raunin ya fi bayyana a lissafi. Ya fasa goma zuwa uku da bakwai, bakwai kuma zuwa uku na rai da huɗu na jiki. Abin sha'awa, Guy Nicolas ya rubuta cewa a al'adar Hausawan kwarin Maraɗi uku na namiji ne, huɗu na mace, bakwai kuwa haɗuwarsu. Lissafin ɗaya ne, ma'anar ta sha bamban, kuma babu abin da ke cikin ƙa'idar Agustin da zai hana mai wa'azi a Tasawa ya ɗauki ta biyun. Ƙa'idoji bakwai na Tikoniyus da ya ɗauko a ƙarshen kashi na uku ba su toshe wannan ɓaraka ba. Sai a ƙarni na 13 Toma Akwinas ya ɗaure al'amarin da cewa duk sauran ma'anoni a kan zahiri suke tsaye, kuma daga zahiri kaɗai ake kafa hujja.

Akwai kuma abin lura cewa mutumin da ya wajabta sanin Ibrananci da Girkanci bai san na farkon ba, na biyun ma bai ƙware ba. Abin da ya yi shi ne jera fassarorin Latin yana gwada su da juna, wata tana haska wata. Mai bincike a Hausa yana da irin wannan dama a hannu: fassarar 1932 da ta 1979, da ƙamus na Bargery na 1934 wanda yakan nuna kalmomin Katsina da Gobir. Aikin da ke jira shi ne a ɗauki kalmomi kamar gurasa da yisti da inabi da takunkumi, a karanta su ga manya masu koyon karatu a ƙauyukan Mayahi, a rubuta abin da kowace ta kawo musu a zuciya kafin malami ya yi bayani.