3.4 Raunin Kalmar "Burbushi" a Fagen Kimiyya

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya taƙaita ne ga harshe, adabi da dabarun koyarwa. Wannan ya sa masu fassara darussan kimiyya kan jingina da kalma ɗaya, wato "burbushi", ga duk abin da ya yi saura daga zamanin da. A nan gizo ke saƙa.

Dutsen Dala da Gwauron Dutse ragowar wata tsohuwar shimfiɗar ƙasa ce da ruwa ya zaizaye, marmarar da ke kansu ta kare su. Haka kuma kadojin Gueltar Archei a Chadi ragowar zamanin da Sahara ke da dausayi ne, kuma da ransu. Idan aka ce wa ɗalibin sakandare a Gama waɗannan "burbushi" ne, zai ɗauka matattu ne ko marmashi.

Saboda haka ya kamata a bar "burbushi" ga ƙasusuwan da suka zama dutse, "kufai" ga mazaunin da aka tashi, sannan "wanzajje" ga abin da ya tsira har yau.