Jinjina ga Masu Juya Injin Ban Ruwa Zuwa Gas

Ƙarfin inji yana ga hanyar da ake ciyar da shi. Bindigar Maxim da Turawa suka shigo da ita Sakkwato a 1903 ta yi ɓarna ne saboda ɗamarar zane mai jera mata harsashi 250. Makanikan Jega sun kai wannan ilimi inda yake raya mutane. Da aka cire tallafin fetur a 2023, sai suka riƙa sauya kafireta, su haɗa tiyo da tukunyar gas, mai albasa a Aliero da mai shinkafa a Maiyama suka ci gaba da ban ruwa. Masu cewa gas na da haɗari sun yi gaskiya, shi ya sa gwani ke shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ya duba kumfa kafin ya tayar da inji.