Tabon da bai goge ba: karatuna a kan zanen Izenhaim

Da farko ina neman afuwar ƴan uwa: hoton da na so a saka a gefen wanga rubutu, in ya bi ta injin fotokopi, baƙi ƙirin zai fito. To bari in kwatanta muku shi da baki, wanda ke da waya ya nemi mai launi daga baya.

A wani tsohon littafin tarihin zane na fara ganinsa, a ɗakin karatu. Ina buɗe shafin na yi maza na rufe. Ni da na tashi a majami'a, na saba da hoton Yesu mai tsabta, gashi a taje, jiki sumul ko a kan gicciye, sai ɗan ɗigon jini kamar kwalliya. Wanga kuwa gawa ce. Fatar ta yi toka-toka da kore-kore, ƙuraje da tsinken ƙaya sun cika ta, leɓe ya bushe, yatsun hannu sun miƙe sama sun sandare, ƙafafu sun murɗe a kan ƙusa. Itacen da aka shimfiɗa hannuwansa a kai ma ya lanƙwasa don nauyi. Bayansa duhu ne kawai.

Matiyas Gurunewald ne ya zana shi tsakanin 1512 da 1516, domin bagaden gidan ƴan zuhudun Waliyyi Antoni da ke Izenhaim, a yankin Alzas. Yau yana gidan tarihi na Unterlinden a garin Kolmar, cikin Faransa. Abin da ya sa na sake buɗe shafin shi ne labarin gidan. Asibiti ne. Ƴan zuhudun na jinyar masu wata cuta da ake kira wutar Antoni, wadda ke kama mutum in ya ci burodin wani hatsi dangin alkama da fumfuna ta lalata. Jiki ya riƙa zafi kamar garwashi, jini ya daina kai wa ga yatsu, gaɓa ta ruɓe, wani lokaci sai an yanke. Talakawa ta fi kamawa, don su ne masu cin irin wannan burodi. Waɗannan su ne mutanen da aka yi zanen dominsu.

Da na gane haka sai munin ya zame mini ladabi. Mai zanen bai yi wa majinyata ƙarya ba. Wanda ƙafarsa ke wari, in ka nuna masa Mai Ceto mai fata kamar ta jariri, ai ka nisanta shi. A nan kuwa ya ɗaga kai ya ga jiki irin nasa. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Danja, kusa da Maraɗi, inda ake jinyar kuturta, ya san yadda lafiyayye kan kau da ido ba da niyya ba, ya kuma san yadda majinyaci ke lura da hakan. Wanga zane bai kau da ido ba.

A gefe guda ga Maryamu cikin fararen kaya, ta sume a hannun Yohanna almajiri, ga Maryamu Magadaliya a durƙushe tana murɗa yatsu. A ɗaya gefen ga Yohanna Mai Baftisma a tsaye, yana nuni da wani dogon yatsa. A tarihi an riga an fille masa kai kafin ranar, saboda haka da gangan aka kawo shi, ya zama mai shaida. A ƙafarsa akwai ɗan rago, jini na zuba daga ƙirjinsa cikin ƙoƙo. Abokaina Musulmi, na san ba ku yarda an gicciye Annabi Isa ba, ba kuma gardama na zo yi ba. Amma maganar ragon da ya tsaya a madadin mutum, mu duka ƴaƴan Ibrahim mun san ta. A bangaskiyarmu ta Kirista, hadayar ga ba kama ta aka yi aka ɗaure ba, ita ta miƙa kanta. Shi ya sa ragon ke tsaye da ƙafafunsa, ba igiya a wuyansa.

Zanen yana da fukafukai kamar ƙyauren kabad. A wancan zamani, a ranakun yau da kullum a rufe yake, gicciyen ake gani a tsakiya. Sai ranakun idi ake buɗewa a lokacin, a ga haihuwa da tashi daga matattu. A nan ne na yi rigima da mai zanen. Yesu ya tashi sama cikin wani ƙaton da'irar haske, ja da ruwan ɗorawa, fuskarsa ta kusa narkewa a ciki, likkafani na binsa yana sauya launi, sojoji masu gadi sun zube kamar buhunan da aka jefar. Kyau kam akwai shi. Amma na ce a raina, kai malam, ba ka yi sauri ba? Daga ruɓaɓɓen jiki zuwa wagga walƙiya, ina hanya? Na ji tsoron kada ya zama irin ta'aziyyar da muke yi wa mara lafiya a tsaye: yi haƙuri, lada na gaba, mu juya mu tafi. Har yanzu ina ganin gicciyen ya fi tashin ƙarfi a matsayin zane, domin ciwo Gurunewald ya san shi da ido, ɗaukaka kuwa hasashenta ya yi.

Abu biyu suka sassauta hukuncina. Na farko tafin hannu. Wanda ya tashi ya buɗe hannuwansa duka biyu yana nuna su, ramukan ƙusa na nan, na haƙarƙari ma na nan, sai dai yanzu ƙyalli suke. Jikin da aka wulaƙanta shi ne dai ya tashi, ba a musanya masa da wani ba. Labarin Toma a cikin Linjila ma haka ya nuna: da tabon aka gane shi. Ga mutumin da aka yanke wa ƙafa, wannan babbar magana ce. Ana ce masa abin da ya same ka ba za a yi kamar bai faru ba, amma ba shi ne ƙarshen labarinka ba. Mai zanen ya ɗinke labarin tun daga farko ma: tsumman da aka naɗe jariri da shi a hoton haihuwa yagagge ne, kamar wanda ke ƙugun gicciyayyen.

Na biyu, waɗanda suka sa aka yi zanen ba da hoto kaɗai suka bar majinyata ba. Sun ba su burodi mai kyau, sun shafa musu magani, sun wanke gyambo. In da zanen ya rataya a gidan da ba a jinya, da ni ma na kira shi yaudara.

A nan ne abin ya dawo kaina. Mu matasa muna son Lahadin Ista: sabbin kaya, waƙa, ganga. Jumma'ar gicciye kuwa mukan tsallake ta da gudu. Wasu kuma sun maƙale a Jumma'a, suna wa'azin wahala kamar ita kanta ce tsarki, har su hana mace da ake duka ta yi ƙara, su hana mai ciwo tambayar magani. Zanen Izenhaim ya ƙi bin ko ɗaya. Wahalar da aka ɗora wa mutum dole ba hadaya ba ce, zalunci ne ko cuta, aikinmu mu rage ta. Hadaya ita ce abin da ka bayar da kanka don wani ya rayu.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai ciwon ƙafa, wadda na daɗe ina gaisarwa daga bakin ƙofa. Bayan na gama wanga rubutu na shiga na zauna.