Wa Ya Koya wa Wa? Gardamar Masu Tara Faifan Blues

A shekarun 1940 akwai wani mutum a Brooklyn, James McKune, da ke ajiye tsofaffin faifan garmaho a cikin kwali ƙarƙashin gadonsa. A lokacin babu mai kula da Charley Patton, amma shi ya dage cewa babu kamarsa. Samarin da suka riƙa taruwa a wurinsa, kusan dukansu farar fata 'yan New York, su ne daga baya suka shimfiɗa wa duniya salsalar makaɗan jita na yankin Delta a jihar Misisifi: Patton a sama, sai Son House da Willie Brown, sai Robert Johnson, sai Muddy Waters.

Kunne shi ne babbar hujjarsu. Su ɗora allura, su saurari yadda mutum ya ɗaure tsirkiya da yadda yake jan wuyan kwalba a kanta, su sake maimaitawa har faifan ya ƙara lalacewa. Aikin da wuya, domin Paramount, wanda ya ɗauki Patton da House da Skip James, reshe ne na wani kamfanin kujeru a Wisconsin, kuma da kayan araha yake buga faifansa. Wani lokaci ƙarar karce ta fi muryar mawaƙin fitowa.

Ga misali, Kid Bailey. A 1929 ya yi waƙoƙi biyu a Memphis, daga nan babu labarinsa. Wasu, ciki har da manazarci David Evans, sun yi zargin Willie Brown ne ya sauya suna, saboda kamannin kiɗan da na waƙar Brown "Future Blues". Wasu suka ce a'a, muryar daban ce. Sauya suna dai ba baƙon abu ba ne: Paramount da kansa ya fitar da faifan Patton a 1929 da laƙabin "The Masked Marvel", ya sa gasar gano mai waƙar. Har yau ba a raba gardamar Bailey ba.

Inda nake ganin sun yi tuntuɓe shi ne a kan Robert Johnson. Waƙoƙi 29 ya bari, an ɗauke su a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Da Columbia ta tattara wasu a 1961, sai aka ɗauke shi a matsayin tsantsar muryar karkara, magajin Son House. Lallai hannun House yana nan a "Walkin' Blues". To amma "32-20 Blues" daga "22-20 Blues" na Skip James ta fito, "Sweet Home Chicago" ta bi sawun Kokomo Arnold, "Love in Vain" kuwa karin Leroy Carr ne, mai fiyano ɗan birni. A "Malted Milk" har salon Lonnie Johnson ya kwaikwaya. Ashe shi ma ɗalibin garmaho ne, kuma waɗanda ya fi nacin saurara su ne taurarin da baƙar fata ke saye da yawa, waɗanda masu tarawa suka raina don faifansu ya cika kasuwa. Wannan ita ce hujjar Elijah Wald a littafinsa na 2004, kuma ta zauna.

Ƙarancin abu ya ruɗe su har suka ɗauka shi ne girman tasiri. Faifan da bai sayu ba a 1930 shi ne yau yake tsada. A 2013 John Tefteller ya biya dala 37,100 kan guda ɗaya na Tommy Johnson. Wanda kuma bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba, kamar Henry Sloan da ake cewa ya koyar da Patton a gonar Dockery, ko Ike Zimmerman da Robert Johnson ya zauna a gidansa, da ƙyar ya sami gurbi a salsalar.

Duk da haka ba a ƙwace wa masu tarawa ladan wahala. Gayle Dean Wardlow ya riƙa bi gida-gida yana feshin maganin ƙwari yana tambayar tsofaffin faifai, kuma shi ya tono takardar shaidar mutuwar Johnson a 1968. A 1964 wasu samari uku suka gano Son House a Rochester, ya daɗe da ajiye jita. Sai da matashi Alan Wilson ya zauna da shi yana kaɗa masa waƙoƙinsa na da, waɗanda shi Wilson ya koya daga faifai, kafin hannun tsohon ya dawo.