Kafin a Taɓa Sifana: Gwanintar Gano Ciwon Tsohon Inji a Ƙasar Potiskum

Ta kowace hanya ka shigo Potiskum, ko ta Azare daga Kano, ko ta Darazo daga Bauchi, ko ta Damaturu daga Maiduguri, mota ce za ta fara tarbar ka. Ga tireloli jere a bakin titi, ga motocin shanu, ga kuma ƙananan motocin haya masu kwaso mutane da buhunan gero da wake daga ƙauyuka. Mutumin Ngojin, a mazaɓar Ngojin/Alaraba, idan zai kai amfanin gonarsa ko 'yar dabbarsa kasuwa, ba sabuwar mota yake hawa ba. Ko dai Golf 3 ce, wadda aka fara ƙerawa a 1991, wato sa'ar Jihar Yobe kanta, ko J5, ko Hiace, ko tsohuwar Peugeot 504 daga masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Waɗanda suka ƙera waɗannan motoci ba su yi zaton za su kai yau suna ɗaukar lodi ba. Abin da ya kawo su yau shi ne hannun bakanike, kuma a cikin aikinsa babu inda gwaninta ke fitowa fili kamar wajen cututtuka biyu da suka fi addabar tsohon inji: zafi da misin.

Kwance inji da ɗaure shi abu ne da yaron gareji ke koya da yawan maimaici. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin abin da ya kamata a kwance. Shi ya sa ƙwararre, idan aka turo masa mota tana tururi, ba ya fara neman sifana. Tambaya yake fara yi. "Alhaji, yaushe take yin zafin? A tsaye, ko in ta miƙe hanya? Da lodi ko babu? Tana shan ruwa? Wa ya taɓa ta kwanan nan?" Mai mota kan ga kamar ɓata lokaci ne, alhali amsoshin nan sun riga sun rage rabin aikin.

Dalili kuwa shi ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa zafi yake zama a jikin ƙarfe, kuma ruwa ne ke kwashe shi. Wata famfo na tura ruwan ya zagaye silindoji, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta huce shi, ya komo ta tiyon ƙasa. Duk inda aka samu cikas a wannan zagaye, yana da irin alamarsa. Motar da ke zafi a cunkoson kasuwa amma ta huce da zarar ta hau titi, iska ce ba ta ishe ta ba, sai a duba fanka da fambel da wayoyinta. Wadda kuma ke lafiya lau a cikin gari amma ta tafasa a hanyar Damaturu da lodi, ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata, sai a tuhumi lagireto ko wata famfo.

Daga nan sai aikin tafin hannu. Gwani zai tayar da injin ya ɗumama, ya kashe, ya shafa fuskar lagireto daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Lafiyayye zafinsa na raguwa a hankali ta inda ruwan ya bi. Idan hannu ya faɗa wani wuri mai sanyi a tsakiyar zafi, to ƙananan bututun wurin sun toshe. A ƙasarmu ta hanya biyu lagireto ke toshewa. Daga waje, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa na liƙewa a tsakanin fikafikan lagireto su tare iska. Daga ciki kuma, ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗurawa yana barin tsatsa da farin ɓawo a cikin bututun. Sannan zai dafa tiyon sama. In allurar zafi ta haura amma tiyon nan bai yi zafi ba, tamostat ne ya maƙale a rufe, ruwan bai samu hanyar fita ba.

A kan tamostat ɗin nan ake bambance gwani da mai bin yayi. An saba a garejinmu, da zarar 'yar Kwatano ta iso, a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Gaskiya ne Potiskum na haura digiri 40 a watan Afrilu, amma inji a wajen digiri 80 zuwa 90 yake son aiki, kuma aikin tamostat shi ne ya kai shi can da wuri ya riƙe shi a can. In babu shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, ya riƙa shan mai fiye da kima, ƙarafansa suna cin juna. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga direban haya. Ƙwararre tsoma tamostat yake yi a ruwan zafi ya gani ko zai buɗe. In ya ƙi, ya sa sabo.

Haka kuma ba ya raina murfin lagireto. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a digiri 100 yake tafasa, amma ɗan sifirin da ke cikin murfin nan yana matse shi har sai ya kusa 120 kafin ya tafasa. In sifirin ya saki ko robar ta tsage, mota za ta yi ta amai da ruwa alhali komai nata lafiya. Motoci nawa aka sauke wa kan inji saboda murfin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba? Ƙa'idar gwani ke nan: a fara daga mai araha da sauƙin dubawa, a ƙare a mai tsada.

Misin kuwa aikin kunne ne. Injin mai silinda huɗu yana buga wuta bi da bi, a mafi yawan motocin nan 1-3-4-2, kuma kowace silinda na buƙatar abu uku kafin ta buga: wuta a kan lokaci, mai da iska gwargwado, da matsi. In ɗaya ya gaza, sai inji ya riƙa ɗingishi, jikin mota na rawa, salansa na tari. Gwani kan je bayan motar ya tara hannu a bakin salansa. Tarin da ke zuwa a jere, kowane zagaye sau ɗaya, silinda guda ce ta mutu. Wanda ke zuwa barkatai kuwa, matsalar ta shafi duka, sai a nemi kwayil, ko kafireto, ko man da aka sha.

Wajen gano silindar da ta mutu, ga yadda yake yi. Inji na silo, zai ɗauki filaya mai hannun roba, domin wutar da ke bin wayar nan dubban bolt ce, ya zare wayar fulogi ta farko. Inji ya ƙara durƙushewa kamar zai mutu. Wannan tana aiki, sai ya mayar. Ta biyu ma haka. Ya zare ta uku, sautin bai canza ko kaɗan ba. "Kai yaro, kawo sifanar fulogi. Lamba uku ce." Ko da ya fito da fulogin, bai yanke hukunci ba tukuna. Zai musanya shi da na lamba ɗaya ya sake tayarwa. In ɗingishin ya koma lamba ɗaya, fulogi ne. In ya tsaya a uku, sai a musanya waya. In har yanzu yana nan, to ciwon ya wuce wuta, yana cikin mai ko matsi. Har zuwa wannan mataki mai mota bai sayi komai ba. Masu gyaran tirela ma haka suke yi, sai dai da yake injin gas ba shi da fulogi, notin bututun nozul suke sassautawa ɗaya bayan ɗaya suna saurare.

Shi kansa fulogin da aka ciro labari ne da shi. Yadda dillali a kasuwar shanun Potiskum ke buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa, haka bakanike ke juya bakin fulogi ya faɗi halin da silinda ke ciki. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya ke nan. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa, ko matatar iska ta cika da ƙura. Baƙi mai danshin maiƙo, baƙin mai na haurowa, ringi ko robobin bawul sun gaji. Fari fat, mai ya yi kaɗan, silindar na ƙuna. Hayaƙin salansa ma shaida ne: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama kuma na ruwa ne.

Lokacin da misin ke zuwa shi ma yana nuna hanya. Wanda ke bayyana a silo ya ɓace in an taka totur, sau da yawa iska ce ke satar shiga ta tsagaggen tiyo. Wanda ke zuwa a hawan tudu da lodi, wuta ce ta yi rauni. Wanda ke zuwa a gudu, kamar ana riƙe motar ta baya, mai ne ba ya isowa, sai a duba fil famfo da matatar mai. Wanda ba ya zuwa sai inji ya yi zafi, kwayil ake fara zargi. A tsofaffi irin 504 kuma akwai kwantak a cikin disfuta, wanda tazararsa ba ta wuce milimita 0.4 ba, kuma in ta goce komai ya goce. Akwai dabarar dare ma: a buɗe bonet a cikin duhu inji na aiki, za a ga 'yan tartsatsi shuɗɗa suna tsalle daga tsohuwar waya zuwa jikin ƙarfe. Sannan ba a manta tambayar inda aka sha mai. Masu mota ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata injuna, ga kuma na galan da kan zo da ruwa ko datti.

Ƙololuwar gwanintar tana inda cututtukan biyu suka haɗu. Wanda bai ƙware ba zai kai lagireto wanki, ya sayi fulogi huɗu, yana ganin matsala biyu ce. Ƙwararre ya san sau da yawa tushensu ɗaya. Taimin da ya yi lattin buga wuta yana rage wa mota ƙarfi, yana kuma sa ta zafi. Ƙarancin mai a cikin iska haka. Babbansu kuwa shi ne gasket ɗin kan inji. In ya ƙone, hayaƙin silinda na kutsawa cikin hanyar ruwa ya kore shi, ruwa kuma na ɗiga cikin silinda ya kashe wuta. Gwajinsa da safe ake yi, inji da sanyi. A buɗe murfin lagireto, a cika shi har baki, a tayar. In kumfa ta riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, tiyon sama ya yi tauri tun kafin inji ya ɗumama, magana ta fara fitowa. A duba murfin baƙin mai ko ya yi fari-fari da kauri. A duba fulogai. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi a tsakiyar 'yan'uwansa masu datti, tururi ne ya wanke shi. Sai a ɗaura agogon auna matsi. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ya ɓule a tsakaninsu. In guda ce ta faɗi, a zuba mata cokalin baƙin mai a sake aunawa: in matsin ya tashi, ringi ne, in bai tashi ba, bawul ko gasket. Kuma ko an tabbatar gasket ne, gwani ba ya rufe inji sai ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan injin ya ga ko zafi ya lanƙwasa shi, sai kuma ya gano abin da ya fara jawo zafin. In ba haka ba, sabon gasket ɗin ma hanyar tsohon zai bi.

Wani zai ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne. Haka ne, tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci tsarin OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur, kuma na'urar na da amfani ƙwarai. Amma in ta nuna P0303, abin da ta ce kawai shi ne silinda ta uku na misin. Ba ta ce fulogi ba ne, ko nozul, ko bawul. Wannan hukunci na bakanike ne har gobe. Ita kuwa 504 mai kafireto, ko wurin soka na'urar ba ta da shi.

Abin takaici, mu masu mota ba mu iya biyan wannan ilimi ba. In bakanike ya sauke inji ya baje kaya a ƙasa, mukan biya ba gardama, don mun ga wahala. In kuwa ya saurara, ya shafa, ya canza murfi ko waya guda motar ta warke, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu miƙa masa na goro. Da haka muke koya wa masu tasowa cewa riba na cikin canza kaya, ba cikin gano ciwo ba. Ya kamata ƙungiyar makanikai ta NATA da iyayen gareji su tsayar da ladan bincike daban da ladan gyara, su kuma riƙa sa yara su faɗi dalili kafin su kwance ko da noti ɗaya.

Kai kuma direba, naka aikin bai da yawa. In allura ta haura, ka tsaya ka kashe. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, kada ka ce bari in lallaɓa in kai gari, domin 'yar tafiyar nan ce ke mayar da gyaran tiyo ya zama sauke inji. In ka samu bakaniken da ke yi maka tambayoyi kafin ya ɗauki sifana, ka riƙe shi da kyau, ka kuma biya shi haƙƙinsa cikakke.