Maimaici da Ingancin Ɗauka a Fayafayan Ƙungiyar Tal National

A wani zama da na yi a Darna Sabon Gari, cikin ƙasar Illela, na tarar da samari a teburin mai shayi suna sauraren kiɗan Tal National daga wayar hannu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin abin da aka kaɗa a Birnin Ƙonni ba ya kwana bai ƙetaro iyaka ba. Abin da ya ja hankalina shi ne maganar wani dattijo da ke gefe, wanda ya tambaya ko waƙa ɗaya ce ake ta maimaitawa tun ɗazu, alhali kuwa an wuce waƙa huɗu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba ko dattijon yana da gaskiya, in kuma yana da ita, a ina laifin yake.

Tal National ƙungiyar makaɗan zamani ce ta birnin Yamai, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a shekarar 2000. Shi makaɗin jita ne, kuma ya yi aikin alƙalanci. Ƙungiyar ta tattaro Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, tana kuma waƙa da harsunansu. Bayan ta yi suna a gida, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar mata da faifai uku: Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018. A kan waɗannan ukun ne wannan nazari ya tsaya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe maimaici da tsayawa wuri ɗaya, domin a waƙar baka ta Hausa ba abu ɗaya ba ne. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi fiye da shekara hamsin da kalangu da 'yan amshi, bai canza su ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, bai rabu da kotso ba. Duk da haka babu mai hankalin da ya ce basirarsu ta ƙafe. Dalili kuwa shi ne, a wannan tsari kiɗa da gindin waƙa su ne turken da aka kafa, sabuntawa kuma tana cikin ɗiyan waƙa. Wanda ya saurari Bakandamiyar Shata a ɗauka daban-daban zai ji amshi bai motsa ba, amma ɗiyan suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri gwargwadon taro da lokaci. Kunnen Bahaushe ya saba da yafe wa kiɗa maimaici muddin magana tana tafiya. Watau sharaɗin yafiyar shi ne a ji maganar.

To, a nan ne fayafayan Tal National suka shiga matsala. Zubinsu kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe: jita biyu masu sarƙe da juna, ganguna na Turawa masu gudu, kalangu yana ratsawa, sannan murya. Wannan zubi a Kaani sabon abu ne, kuma babu mai musun gwanintar hannun da ke cikinsa. Yadda jita ɗaya ke barin gurbi ɗayar ta cike shi, kamar mata biyu a turmi guda, abin yabo ne. A Zoy Zoy an sake shi da ƙarin kauri. A Tantabara kuwa, abin da aka ƙara shi ne sauri da kaushi. An gayyato baƙi, Zara Moussa da makaɗin jita Yonatan Gat, amma baƙo ba ya sauya ginin gida, sai dai ya zauna inda aka shimfiɗa masa. Idan hanyar da ƙungiya ta sani ta ci gaba ita ce ƙara gudu kawai, ranar da za ta kai bango tana nan tafe, domin hannun ɗan Adam yana da iyaka.

Ina ganin asalin wannan yana cikin yadda ƙungiyar ta ginu. A shekarun da ta yi tashe a Yamai, tana wasa dare da yawa a mako, wasa ɗaya yakan kai awa biyar, 'yan ƙungiya kuma suna karɓeɓeniya, wani ya sauka wani ya hau. Irin wannan aiki yana haifar da ƙwarewa ta ban mamaki, amma yana kuma tilasta a tsayar da zubi guda wanda kowane makaɗi zai iya shiga cikinsa ba tare da an sake gwaji ba. Abin da ke amfani a filin rawa, inda jama'a ba su son a yanke masu kiɗa, shi ne ke zama nauyi a faifai, inda mutum ke zaune ya kasa kunne.

Sai dai kuma ba adalci ba ne a ɗora wa makaɗan dukkan laifin. Rabin abin da dattijon Darna ya ji, aikin ɗauka ne. Jamie Carter, injiniyan sauti daga Shikago, shi ya je Yamai ya yi aikin ɗaukarsu, kuma ta fuskar tsabta ya yi abin a zo a gani: babu ƙugi, babu shaƙewa, ana jin kowace tsirkiya. Wanda ya tashi da kaset ɗin da aka kwafa daga kaset har sau biyar ya san darajar wannan. Amma tsabta daban, tsarin fifiko daban. A tsohon faifan garmaho, da kuma ɗaukar gidajen rediyo irin na Kaduna, jagora ne ke kusa da makirufo, makaɗa suna bayansa, saboda haka ko da sauti ya dushe, magana tana fitowa. A waɗannan fayafaye kuwa, a kunnena, an jera murya kafaɗa da kafaɗa da jita da ganguna, ba a ba ta girman da ya kamace ta ba. Mai jin Hausa ko Zabarmanci sai ya yi ƙoƙari kafin ya kamo zance, kuma da zarar zance ya ɓace masa, abin da ya rage shi ne turke ba tare da ɗiya ba.

Wannan fifiko yana da tushe. FatCat kamfani ne da ya yi suna da wani reshe na kiɗan rok wanda ke mayar da murya tamkar ɗaya daga cikin kayan kiɗa. Shi ya fitar da fayafayan Sigur Rós ta ƙasar Aislan, wadda a faifanta na 2002 ta yi waƙa da gaɓoɓin da ba su da ma'ana a kowane harshe. Masu sayen irin waɗannan fayafaye a Turai da Amurka ba su jin harsunan Nijar, ba su kuma nemi su ji ba. Sarƙar jita suke bi. An yi ɗaukar don kunnensu, kuma ta biya masu bukata. (Ba na faɗin haka don zargi. Mai kaya yakan duba kasuwarsa.)

Abin da ya fi damuna shi ne kalangu. Wannan ganga ce mai magana, tana hawa da sauka bisa karin sautin harshe, kuma tana bukatar sarari kafin a fahimci abin da take faɗa. A cikin wannan cunkoso ta koma ado, tana cike gurbi kamar kowace ganga. Haka kuma sautin ya cika tam daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, babu inda aka sassauta don a ji daɗin inda aka tsananta. Ɗanƙwairo yakan sa kotso ya lafa idan zai jefa habaici, sannan ya tashe shi. Idan aka zuba irin wannan cikakken sauti a ƙaramar lasifikar waya, wadda ba ta ɗaukar amo mai kauri, sai ƙasan kiɗan ya zube, a bar ƙarar faranti da tsinin jita. A haka mafi yawan mutanen Illela da Ƙonni ke jin waɗannan waƙoƙi, kuma a haka dattijon nan ya ji su.